Bargon Kawu da Mussar Kaka

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya cika da hantsi ranar wata Laraba a tsakiyar bazara, kuma ni ce na sa aka yi jinkirin wankansa. Gara in faɗa da bakina tun da farko, don na san labarin ya riga ya kai har Darna Sabon Gari, kowa da irin gishirin da ya ƙara masa.

Masu wanka sun iso, ruwa yana bakin ƙofa, an ɗinka likkafani, ni kuwa ina zaune a gefen gadonsa na danne bargon da ke kansa da hannu biyu. Bargon ulu ne mai ratsin ja, a cikin zafin da kaji ke buɗe baki a inuwa. Liman ya aiko sau biyu a ce mata su fito. Duk suka fita ban da ni. Ina jin su a tsakar gida suna magana ƙasa-ƙasa. Wata ta ce na zautu. Wata ta ce, “Nas guda, wadda tag ga gawa ta hi a ƙirga, ita ka wanga abu?” Na ƙara danne bargon kawai, ko da yake kowa a Illela ya san ba na barin magana ta kwana a cikina.

A zaman makoki ma zancen bargon nan aka yi ta yi, sai dai da dariya mai haɗe da hawaye. Wani dattijon makiyayi da ya tsallako daga Nijar ya ce ba zai manta ranar da Kawu ya ɗinke wa karensa ciki ba, bayan wani sa ya soke shi da ƙaho. Ya ce an gama ɗinki tun azahar, amma Kawu ya lulluɓe karen ya zauna kusa da shi a ƙasa har bayan la’asar, ya ƙi tafiya sai da karen ya ɗaga kai ya lashi ruwa. Wata tsohuwa daga Lafani ta ce akuyarta ta kasa haihuwa, ya fiɗe ta ya ciro ’ya’ya biyu, sannan ya sa ta hura wuta ta soya masa yashi a kasko, har ta ɗauka wani tsafi zai yi. Wani ma’aikacin iyaka ya ce shi ya taɓa yi masa tsawa kan ya ga kare a cikin bargo irin na mutane, Kawu ya dube shi ya ce, “To kawo naka in wanga bai yi ma ba.” Aka yi dariya, aka yi addu’a, aka ce Allah ya jiƙan mai bargo. Ina daga ciki ina ji, kuma a duk taron ni da matarsa kaɗai muka san wata dabba guda da bargon nan bai cece ta ba, da dalilin da ya sa.

Malamin dabbobi ne Kawu. Yawancin aikinsa a bakin iyaka yake, inda shanu ke shigowa, ya duba baki da kofato, ya yi allurar rigakafi, ranar Lahadi kuma ya wuni a kara, kasuwar dabbobi. Ba babban likita ba ne, kuma bai taɓa barin a kira shi haka ba. Mutum ne dogo, siriri, mai tafiya kamar yana tsoron ya tada wani daga barci. Idan yara suka zo gaishe shi, ba ya miƙa hannu, kunne yake kamawa a hankali tsakanin yatsu biyu, ya ɗan tsaya, sannan ya ce, “Lahiya lau kake, tahi.” Mu da muka tashi a gidan mun saba. Baƙin yara kan ruga da gudu, suna zaton za a ja musu kunne ne.

A jakarsa akwai allurai da almakashi da zare kamar ta kowane malamin dabbobi, sannan akwai tsofaffin safa guda huɗu cike da yashi, an ɗaure bakinsu. Duk dabbar da zai yi wa allurar barci, sai ya soya yashin nan ya ɗura, ya kanga a kumatunsa ya ji bai ƙuna ba, ya jera mata a baya da tsakanin ƙafafu, ya rufa bargo. Matar Kawu ta yi faɗa a kan kaskonta na suyar gyaɗa har ta gaji ta bar masa shi, ta sayi wani. Shi kuwa ko a jikinsa. Abin da yake cewa kullum shi ne, duk wanda ya kwantar da rai da hannunsa, shi ke tsaronsa har ya tashi.

Ni ce babbar mai yi masa ba’a a kan wannan. Na dawo daga makarantar nas da farar riga da baki, ina ganin babu abin da ban sani ba. A asibitinmu abin da ke kashe yara zafi ne. Uwa ta kawo ɗa jiki kamar garwashi, ta naɗe shi da zane uku, mu yi mata faɗa, mu tuɓe shi, mu jiƙa tsumma mu goge shi, mu sa a yi masa fifita. Da idona na ga yaran da hakan ya ceta. To yaya za a ce mini a ƙasar Sakkwato, a bazara, wata halitta za ta mutu da sanyi?

Wata rana na same shi yana lulluɓe wani ɗan rago, na ce, “Kawu, dahwa shi za ka yi ko magani? In dahuwa ta, bari in kawo gishiri.”

Bai yi fushi ba. Ya ce, “Malama nas, zo ki taɓa kunne nai.”

Na ce ba na taɓawa, akwai ma’aunin zafi a duniya.

Ya ce, “To saurara. Allurar barci tana kashe wutar jiki. Dabba in tana farke taj ji sanyi, sai ta yi makyarkyata, ta dunƙule, ta nemi rana. Wadda anka kwantar ba ta iya ko guda. Ƙasa na shan ɗuminta ta ƙasa, iska na ɗauka ta bisa, ita ko ba ta sani ba. Ƙarama ta hi saurin hucewa, kamar shayi a ƙaramin kohi.”

Na ce wannan karatun na ƙasar Turawa ne, can inda ruwa ke daskarewa. Ya ce bai taɓa zuwa ƙasar Turawa ba, a Kalmalo ya koya, ranar da ɗan maraƙin wani ya mutu a hannunsa yana saurayi. Na juya na tafi ina dariya. Wallahi na ji maganar da kunnena, kalma bayan kalma, don haka ba ni da hujjar cewa ba a gaya mini ba.

Kaka, mahaifiyar Kawu kuma mahaifiyar uwata, tana raye a lokacin. Idonta ya tafi shekaru kafin nan. Tun da uwata ta rasu ina ƙarama ita ta rene ni, da ta tsufa sai abin ya juyo kaina. Ko bayan na yi aure, kowace safiya kafin in tafi aiki sai na biyo na kai ta bayan gida, na yi mata wanka, na yanke mata akaifa idan ta taru. Ba ta yarda kowa ya taɓa jikinta sai ni. Takan ce hannun matar Kawu kaushi gare shi, ni kuma bakina ne ke da kaushi, gara baki.

Tana da kyanwa, mu nan mussa muke cewa, fara mai baƙin kunne guda. A makon da Kakanmu namiji ya rasu aka tsince ta ’yar mitsitsiya a bakin ɗakin, Kaka ta ɗauka ta sa a cinya, ba su sake rabuwa ba. A ƙafafunta take kwana. Idan wani ya doso ɗakin, mussar ce ke fara motsi, sai Kaka ta ce, “Wa na na?” tun mutum bai yi sallama ba. Da ita take hira idan gida ya watse, tana ba ta labarin mutanen da suka mutu tun ba a haife ni ba.

Kowace safiya kuma Kawu yakan zo ya tsuguna a bakin ƙofarta, ya cire takalmi, ya gaishe ta, ya tambayi kwana da ƙafa da abin da take marmari. Idan ya gama sai ta ce, “Tashi ka tahi aiki. Allah shi yi ma albarka.” Ba ya tashi sai ya ji wannan. Mutum mai furfura, mai ’ya’ya da jikoki, amma ya taɓa dawowa daga bakin titi don ta yi tari a tsakiyar maganar bai ji ƙarshenta ba.

A bazarar da ta gabaci rufe iyakar Nijar abin ya faru. Wani masunci daga Kalmalo ya kawo wa Kawu kifi, aka jefa wa mussa kan kifin, ashe da ƙugiya a ciki. Kwana biyu ba ta ci ba, tana ta kakari, yawu na zuba. Kawu ya buɗe bakinta ya ga guntun zare, ƙugiyar kuwa ta wuce inda ido ke kaiwa. Ya ce sai an kai ta Sakkwato, wani asibitin dabbobi mai na’urar ɗaukar hoton ciki, a ga inda ta maƙale kafin a sa wuƙa.

Kaka ta rungume ta. Ta ce, “Ba ka kai ta ko’ina. Ka ba ta man shanu. In kwananta na gaba, ta tashi.”

Ya ce, “Inna, ƙugiya ta, ba ƙaya ba. Man shanu ba shi narka ƙarhe.”

Ta ce, “Barci za ka sa ta. Na san aikinka. Wanda anka sa barci da ƙarhi ba kullum yaka tashi ba.”

A nan Kawu ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani mai dabba ba. Ya ce, “Na yi miki alkawali, da ƙahwahunta za ta shigo ɗakin ga.” Ta lalubo hannunsa ta ɗora masa mussar. Ta ce in bi shi, tunda ni ce idonta. Ranar ba ni da aiki, na bi shi.

Mun isa da hantsi, mussa a kwando, bargo a kafaɗar Kawu, fasinjojin mota na ta kallonmu. Kafin mu shiga ya tsaya wajen mai shayi a bakin ƙofa, ya roƙi wuta ya soya yashinsa. Likitan wurin tsohon saninsa ne, ya ce Kawu ya yi allurar da kansa tunda dabbar ta san hannunsa. Ya yi mata, ta yi laushi, harshenta ya ɗan leƙo waje.

Ɗakin hoton ƙarami ne, babu taga, tebur na ƙarfe a tsakiya, fanka na juyawa a sama. Mai ɗaukar hoto ya ce a kwashe safar nan, yashi zai fito a hoto. Kawu ya ce za a kwashe, amma sai lokacin ɗauka. Ya shimfiɗa zane tsakaninta da ƙarfe, ya gyara mata kwanciya, sai da mutumin ya ce ya shirya sannan ya janye bargo da safa muka koma bayan bango. Na’ura ta yi ƙara, ya dawo da sauri ya mayar da komai. Mai hoton ya girgiza kai, ni ma na taya shi.

Aka ce a bar ta tana barci, in hoto ya nuna ƙugiyar sai a wuce da ita ɗakin fiɗa. Mai hoto ya tafi wanke fim, ya leƙo ya ce hoton farko bai fito sosai ba, Kawu ya zo su duba tare da likita ko sai an sake. Kawu ya kama kunnen mussar, ya gyara bakin bargo, ya ce mini, “Ɗiyata, ki zauna kusa da ita. Kada ki taɓa komi.” Ya fita.

Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga har baya. Na dubi dabbar nan a cikin ulu, da yashi mai ɗumi ta ko’ina, harshe a waje, numfashi sama-sama. Abin da na gani shi ne yaran asibitinmu. Na ce a raina tsohon nan zai kashe wa Kaka mussa da taurin kansa, sannan a ce ƙugiya ce. Na yaye bargon, na kwashe safar na tara a gefe, na janye zanen da ke ƙarƙashinta. Akwai bokitin ruwa a kusurwa. Na tsoma gefen gyalena na goge ta tun daga kai har wutsiya, sau biyu, na jawo ta daidai ƙarƙashin fanka. Na zauna ina jin daɗin kaina, har ina shirya abin da zan ce masa idan ta farka garau.

Sun daɗe. Ban san tsawon lokacin ba, amma na ji an kira azahar a wani masallaci. Sai na lura numfashin ya yi nisa da juna. Ban san abin da ya kai hannuna kunnenta ba, ni da na rantse ba na taɓawa. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Na taɓa tafin ƙafarta, haka. Na goge ta da busasshen gefen gyalen, na mayar da zane, na tura safar yadda na iya, har da wajen kanta, na rufa bargo, na koma kujerata na naɗe hannu, daidai lokacin da na ji takunsa.

Ya shigo da fim a hannu yana murmushi, yana cewa ƙugiyar ba ta yi nisa ba, aikin minti kaɗan ne. Ya sa hannu ƙarƙashin bargo, murmushin ya tsaya. Ya buɗe rigarsa ya sa ta a ƙirjinsa, fata da fata, ya ce in ruga wajen mai shayi in sake soya yashi. Na ruga, na dawo. Likita ya zo ya yi abin da zai iya. Kawu ya yi ta murza ta, yana hura mata numfashi a hanci, har la’asar ta gabato. Ba ta tashi ba.

A mota muna zaune kafaɗa da kafaɗa har Illela, kwando a cinyarsa. Ina jira ya tambaye ni. Bai tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba.

Ya tsuguna a bakin ƙofar Kaka. Tun kafin ya yi magana ta ce, “Ban ji tahiyarta ba.” Ya ce, “Inna, ta mutu. Laihina na. A hannuna ta mutu.” Ta miƙo hannu, ya ba ta, ta shafa ta tun daga kai har wutsiya, ta tsaya a kan baƙin kunnen nan da ba ta taɓa gani ba. Ta ce, “Na ce ka bar ta. Kai kac ce alkawali.” Ina tsaye a bayansa, bakina da kowa ke tsoro ya kulle.

Washegari ya zo gaisuwa kamar kullum. Ta amsa kwana, ta amsa ƙafa, ta ce ba ta marmarin komai. Ya jira. Ina zaune kusa da ita da reza ina yanke mata akaifa. Ta ce, “Tashi ka tahi aiki.” Daga nan ba ta ƙara ba. Ya ɗan daɗe a tsugune, sannan ya sa takalmi ya tafi.

Na ce fushin kwana biyu ne. Mako ya wuce, wata ya wuce, damina ta zo ta tafi. Ya kawo mata wata ’yar mussa, ta ce a fitar da ita. Matar Kawu ta roƙa, liman ya zo ya yi nasiha, Kaka ta ce ita ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, kuma ba a tilasta wa harshe. Tsufa ya riga ya taurara ta, kuma ɗakin ya yi mata shiru fiye da yadda muke zato. Kullum ina nan, ina jin wurin da maganar nan take zama a da, ina ganin ƙeyar Kawu a sunkuye. Sau nawa na buɗe baki? Allah kaɗai ya sani. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Ina tsoron ta janye hannunta daga nawa, ina tsoron a ji a gari cewa nas ta kashe dabba da jahilci. Kullum sai in ce gobe.

Bayan damina biyu Kaka ta rasu, da rana, Kawu yana can bakin iyaka wajen shanu. Kanta yana kan cinyata. Tana cikin hankalinta har kusan ƙarshe, ta nemi ruwa, ta tambayi ko an shanya gero. Da na ce kalma biyar kawai, da ta aika a kira shi. Na tsaya ina karanta mata kalmar shahada, ina gaya wa kaina cewa ba lokacin tada hankalinta ba ne.

Bayan an rufe ɗakinta Kawu bai daina ba. Kowace safiya sai ya cire takalmi a bakin ƙofar, ya tsuguna, ya yi mata addu’a, sannan ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya tashi. Mutanen gida suna cewa dubi ɗa mai biyayya. Ni na san tsawon shirun nan, daidai yake da wanda yake yi tana raye. Na daina biyowa ta gidan da safe don kada in gani.

Bana ciwon ƙirji ya kama shi. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu, ga jin sanyi ko da rana tsaka, ya koma yawo da bargon nan na dabbobi bayan matarsa ta wanke shi. Ni na kai shi Sakkwato a ɗauki hoton ƙirjinsa. Ya kasa tsayuwa, aka kwantar da shi a tebur, aka ce ya tuɓe riga. Ƙarfe ya taɓa bayansa, na ga haƙoransa na haɗuwa. Ga fanka a sama. Aka ɗauka, mai hoto ya tafi wanke fim, ya ce kada ya tashi ko za a sake. Na yi maza na kashe fankar, na tura zanena ƙarƙashin bayansa, na rufa masa bargon har wuya.

Ya dube ni, da ɗan murmushin nan nasa. Ya ce, “Malama nas. Wanga karon kada ki ɗauke.”

Na durƙusa a gefen teburin. Na ce, “Kawu, ka sani?”

Ya ce, “Gyalenki na ɗiga a kan ƙahwata tun daga Sakkwato har Illela. Kuma ni ba ni sa safa wajen kai.”

Na ce, “To don mi ba ka hwaɗa mata ba? Don mi ka bar ni?” Har da tsawa na yi masa, Allah ya yafe mini, kamar shi ne ya yi laifin.

Ya ce, “Ni ɗa na. Ko ta yi hushi ba ta kora ta daga ƙohwa. Ke in ta kore ki, wa ka kai ta bayan gida? Wa ka yanke mata akaihwa? Ta rasa mussa, sannan ta rasa ido na biyu?” Ya yi tari ya huta. Ya ce, “Kuma ni nik kwantar da ita, ni nit tashi nib bar ta. Ban yi ƙarya ba da nic ce laihina na.”

Na ce, “Albarkar fa?”

Ya daɗe yana kallon fankar da ta tsaya. Ya ce, “Na so in ji ta sau guda.” Bai ce ya yafe mini ba, bai ce bai yafe ba, ni kuma kunya ta hana ni roƙo. Ya fito da hannu daga bargo ya kama kunnena tsakanin yatsu biyu, ya ce, “Lahiya lau kike.” Mai hoto ya dawo ya ce ba sai an sake ba.

Kwana huɗu bayan nan ya cika, bargon yana kansa. To ku da kuka ce na zautu, ga abin da ya zaunar da ni. Na san gawa ba ta jin sanyi, na san likkafani kaɗai ake kai mutum da shi. Amma magana guda ya roƙe ni a duk rayuwarsa, sau biyu, na saɓa ta farko.

Matar Kawu ce ta dawo ɗakin ita kaɗai. Ta zauna kusa da ni, na gaya mata komai, tun daga bokiti har teburin asibiti. Ashe bai taɓa faɗa mata ba, ita da suka yi shekaru arba’in tare. Ta yi kuka, ta kira ni da sunan da na cancanta, ban musa ba. Sannan ta share ido ta ce, “Ɗaga hannunki. Ni ka ɗaukewa, ba ke ba.” Na ɗaga. Ta naɗe bargon ta ɗora mini a cinya. Kafin in fita na taɓa kunnensa, ya yi sanyi.

Bargon yana wurina. Na koma biyowa ta gidan da safe, ina tsugunawa a bakin ƙofar Kaka, ina faɗa mata abin da ya kamata in faɗa tana ji, ina jira daidai yadda yake jira. Babu amsa, kuma na san ba za a yi ba.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da mahaifiyarsa a inda babu abin da ke ɓoye, ta ji gaskiya daga wanda ya fi ni ƙarfin hali. Ni ba uwarsa ba ce, bakina bai isa ya biya abin da na hana shi ba. Don haka nake roƙon duk wata uwa da aka karanta wa wannan, wadda ta haifa ta san nauyin maganar, ta ara masa bakinta sau guda. Ta ce masa ya tashi ya tafi, Allah shi yi mai albarka.